Dalmar da ke ƙarƙashin sirdi

A Yamai ko Maraɗi za ka ga mutum a bakin rumfar PMU, inda ake cacar tseren dawaki, ya duƙufa kan takardar hasashe, biro a hannu, yana ja wa lambobi layi kamar mai shirin jarrabawa. Dawakin da yake nazari a Faransa suke sukuwa, ko ƙurarsu bai taɓa shaƙa ba. Ka tambaye shi, sai ya ce shi ba sa'a yake bi ba, ilmi ne. Hukuncin caca dai malamai sun gama faɗa, ba sai na maimaita ba. Ni da wannan ilmin nake da magana.

Da yawa daga cikin tseren da ake zuba wa kuɗi a Turai na daidaita nauyi ne. Akwai jami'in da aikinsa ke nan: ya bi tarihin kowane doki, ya ba shi maki, wanda ya fi gudu a ƙara masa kaya. In mahayi bai kai nauyin da aka yanka ba, sai a cusa guntayen dalma a ƙyallen da ke ƙarƙashin sirdi. Burin jami'in shi ne dawakin su iso layi kai da kai. Wato duk abin da mai biro ya gano, cewa wannan ya ci tsere biyu a jere, wancan ya fi juriya, an riga shi gani, an mayar da shi dalma an ɗora wa dokin.

Dubi tseren Grand National na 1973 a filin Aintree, kusa da Liverpool. Crisp, dokin Ostireliya, ya ɗauki kilo 76, Red Rum kuma ƙasa da haka da kilo 10. Crisp ya yi wa sauran fintinkau, ya tsallake shingen ƙarshe shi kaɗai. Daga nan ƙafafu suka fara yi masa nauyi, yana tangaɗi, Red Rum ya cim masa dab da layi, ya wuce shi da tazarar da ba ta kai tsawon doki guda ba. Wanda ya ce Crisp ya fi kowa a ranar bai yi ƙarya ba, amma kuɗinsa sun tafi.

Ba na musun cewa nazari na da ɗan amfani. Akwai dokin da ke son ƙasa mai laushi bayan ruwan sama, akwai wanda dogon zango ke karya shi. Sai dai dubban mutane sun karanta wannan bayanin, sun ɗora kuɗi inda ka ɗora. A tsarin PMU, wanda ya samo asali daga dabarar Joseph Oller a Faransa, a tukunya ɗaya ake tara kuɗin kowa, kamfani da gwamnati su fara ɗibar nasu, ragowar a raba wa waɗanda suka dace. In kun yi yawa, rabon ya zama cin ƙwan makauniya. Ga shi dokin da jama'a suka fi yarda da shi kusan sau ɗaya cikin uku kawai yake ci.

Mai sayar da takardar sirri kuwa, da yana da sirrin, da ba a rana za ka same shi yana jiran canjinka ba.

A 1967, a Aintree ɗin dai, wani doki da ya yar da mahayinsa ya gitta gaban sauran a shinge na 23, aka yi cinkoso, wasu suka faɗi, wasu suka ƙi tsallakawa. Wani doki mai suna Foinavon na can baya nesa, shi ya sa mahayinsa John Buckingham ya samu sararin kewaye hargitsin ya wuce. Ya ci, a kan farashin 100 ga 1, wato wanda ya zuba ɗaya a kansa ya ci ribar ɗari. Mai dokin ma bai zo filin ba ranar. Shingen nan har yau sunan Foinavon yake amsawa.