Ƙaramin mai hannun jari, karanta rahoton kafin ka ɗaga hannu

Duk shekara kamfanonin da ke kasuwar hannayen jari sukan kira babban taro, kuma duk shekara ƙananan masu hannun jari sukan tashi da ƙorafi guda: shugabanni ba sa sauraronmu. Da gaskiyarsu. Kafin a buɗe taro an gama ƙirga yawancin ƙuri'u, domin manyan masu zuba jari sun riga sun aiko da nasu ta takardar wakilci. Daga 2020, da korona ta mayar da tarurruka kan intanet, abin ya ƙara ta'azzara. Za ka rubuta tambayarka cikin ɗan akwati, wani ma'aikaci da ba ka gani ne zai zaɓi wadda za a karanta.

Duk da haka, a ganina rabin matsalar tana cikin irin tambayoyin da ake yi. Yaushe za a ƙara ribar da ake rabawa? Me ya sa farashi ya faɗi? Shugaban hukumar daraktoci ya haddace amsoshin waɗannan tun daga gida. Wasu ma sukan karɓi makirufo ne don su yaba wa shugabanni kawai, su cinye lokacin kowa. Tambayar da ke sa shugaba ya gyara zama ita ce wadda ta zo da lambar shafi: kun ce riba ta ƙaru, amma a shafi kaza tsabar kuɗin da ciniki ya shigo da su sun ragu, bashin da kuke bin abokan ciniki kuma ya ninka. Su wa ake bi, yaushe za su biya?

Ba a samun irin wannan tambaya a shafukan farko na rahoton shekara, inda hotunan daraktoci da jawabin shugaba suke. Can baya ake tono ta, a bayanin shige da ficen kuɗi, da ra'ayin masu binciken asusu, da albashin shugabanni, da kuma cinikin da kamfani ya yi da daraktocinsa ko danginsu. Wannan na ƙarshen shi nake fara dubawa, don a nan kuɗi suka fi sulalewa ba tare da an karya doka ba. Rahoton shekara guda kuma bai isa ba. Sai ka jera na shekara huɗu ko biyar za ka ga alkawarin da aka yi bara aka yi shiru a kansa bana.

Takardun nan ba a ɓoye suke ba. A Amurka hukumar SEC mai sa ido kan kasuwar hannayen jari tana ajiye su kyauta a rumbunta na intanet mai suna EDGAR, kuma tun 2000 ta hana kamfani raɗa wa manyan masu jari muhimmin labari ba tare da ya sanar da kowa ba.

Karatu ba ya hana a yaudare ka, wannan kam haka ne. Kamfanin Wirecard na Jamus ya yi shekaru masu binciken asusu na EY suna sa masa hannu, sai a Yunin 2020 aka wayi gari babu Yuro biliyan 1.9 da aka ce suna banki. Amma tun 2015 jaridar Financial Times take nuna yatsa ga asusun kamfanin, a 2019 kuma hukumar BaFin mai sa ido kan kasuwar kuɗi ta Jamus, maimakon kamfanin, 'yan jaridar ta kai ƙara. Wanda ya karanta rahotannin jaridar ya nemi bayani bai samu gamsasshiyar amsa ba, yana da dalilin sayar da jarinsa tun da wuri. Matsalar ita ce mutum idan ya zuba kuɗinsa, kunnensa ya fi son mai yabon kamfani.

Sannan hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Dokar kamfanoni ta Birtaniya ta 2006 ta ba masu hannun jari 100, idan sun cika sharuɗɗa, ikon sa ƙuduri cikin ajandar babban taro. A 2021 kamfanin zuba jari na Engine No. 1, mai kashi 0.02 cikin ɗari na hannun jarin kamfanin mai na ExxonMobil, ya ci kujeru uku a hukumar daraktoci. Ba talakawa ba ne, kuma sai da manya irin su BlackRock suka mara musu baya, amma hujjar da suka rubuta ce ta jawo manyan.

Su ma kamfanoni ya kamata a tilasta musu wallafa duk tambayoyin da aka aiko taro, har da waɗanda suka tsallake. Kafin a kai nan, ka aika taka a rubuce ga ofishin hulɗa da masu zuba jari makonni kafin taro, ka ajiye kwafi. Idan ba a amsa ba, ka hana ƙuri'arka ga daraktocin da ke neman a sake zaɓarsu, ka kuma rubuta musu dalili.