Ga masu jiran sunayensu su fito a aikin hafsan soja

Tun da ƙanena ya cike fom ɗin DSSC na neman zama hafsan soja, ba a yin sallar Isha a gidanmu a watse ba tare da Inna ta tambaya ba: "Wai har yanzu sunayen ga ba su hito ba?" Shi kuma sai ya duba waya, ya girgiza kai. Na san gidaje da yawa a Sakkwato haka suke, daga Mabera har Gidan Igwai, shi ya sa na ga ya dace in faɗi abin da na gani da idona cikin shekara biyun nan.

Ga wanda bai sani ba, mai digiri ko babbar difloma da ke son zama hafsa ba sai ya koma ya yi shekara biyar a NDA, makarantar horar da hafsoshin soja ta Kaduna, ba. Akwai gajeriyar ƙofa: SSC ga masu son fagen daga, DSSC kuma ga masu sana'a irin likitoci, injiniyoyi, lauyoyi da malamai. Ana cikewa ta intanet, kuma kyauta ne. A Amurka da Ingila akwai wani tsari na hafsoshin ko-ta-kwana, mutum yana riƙe da aikinsa na farar hula yana zuwa atisaye lokaci-lokaci, don haka ko takardunsa sun makale, albashinsa bai tsaya ba. Yaronmu na nan ya gama bautar ƙasa, alawus ya yanke, ba shi da komai a hannu sai lambar fom. Jiran ya fi masa ciwo nesa ba kusa ba.

Abin da na yi imani da shi shi ne, yawancin yaranmu ba a wurin tantancewa suke faɗuwa ba. Tun a watannin jiran nan suke faɗuwa, ba su sani ba.

Shekarar farko ƙanena bai ma samu cikewa ba. Makarantar da ya gama ta riƙe takardar shaidarsa wata da watanni, ya yi ta sintiri ofis-ofis, kafin ta fito an rufe shafin. Ya yi kwana uku ba ya cin abinci sosai. Ni kuma na ce masa ya kawo duk takardunsa mu baje su a tabarma, tun daga ta firamare. A nan hankalina ya tashi. Sunan mahaifinmu iri uku ne a rubuce: a wata da "u", a wata da "o", a ta ukun an gajarta shi. Ranar haihuwa a takardar sakandare daban, a katin ɗan ƙasa daban, don hedimastan ƙauye ya rubuta masa 1 ga Janairu kamar yadda ake yi wa yara da yawa a lokacin. BVN ɗinsa kuma da wata lambar waya da ta ɓata tuntuni. Da a ce takardar makarantar ta fito da wuri ya cike a wannan shekarar, da a teburin duba takardu za a sallame shi, mu zauna muna cewa an yi masa rashin adalci don ba shi da uwa a gindin murhu. Gyaran waɗannan abubuwa ya ci mu kusan wata huɗu: rantsuwa a kotu, gyaran katin ɗan ƙasa, komawa ƙaramar hukumarmu neman sabuwar takardar asali, sa hannun uban ƙasa. Ba abin da ake gamawa cikin makonnin da shafin yake buɗe ba ne.

Sai maganar jiki. Ana auna tsawo, namiji mita 1.68, mace 1.65, wannan ba yadda za ka yi da shi. Amma gudu, numfashi, hawan jini, ido, ciwon hanta, duk abubuwa ne da mutum zai iya sanin matsayinsa tun yana gida. Saurayi ya kwana shida cikin bakwai a majalisar shayi har ƙarfe ɗaya na dare, sannan a kira shi gudun kilomitoci da asuba, me ake tsammani? Wanda kuma yake taɓa ƙwaya ko maganin tari, ya sani akwai gwaji, kuma kakin bai dace da shi ba tun farko.

Inda na fi jin zafi shi ne 'yan damfara. Shiru ya yi yawa, sai su fito kamar fara. Wani mutum ya sami ƙanena a wurin ɗaurin aure, ya ce yana da babban oga a Abuja, a kawo N800,000 sunansa zai fito a rukunin farko. Ya zo mini da maganar idonsa jajur: "Yaya, ko hilin nan na gado za mu sai da?" Na ce masa ko sisi ba za mu bayar ba. Rundunar soja ta sha yin shela cewa ba a sayar da gurbi, kuma wanda ya karɓi kuɗinka ba shi da asara: in sunanka ya fito da ikon Allah ya ce aikinsa ne, in bai fito ba ya kashe waya. Na san gidan da aka sayar da shanu biyu a kan haka. Akwai kuma masu ba da shawarar a rage shekaru saboda iyakar shekarun da ake sawa tana matsowa. Na fahimci tsoron, don kowace shekarar da ta wuce ba ta dawowa. Amma wanda zai ɗaga hannu ya yi rantsuwar kare ƙasa, bai kamata takardarsa ta farko ta zama ƙarya ba, kuma yanzu da aka haɗa bayanai a kwamfuta, asirin ba ya daɗewa.

Masu ɗaukar aikin ma ina da roƙo gare su. A sa wa kowane mataki lokaci, a sanar. Wanda bai samu ba, saƙo ɗaya a waya ya isa ya sallame shi ya kama wani abu. Shirun nan shi ne kasuwar 'yan damfara.

Dalilin da ya sa ban ce wa ƙanena ya haƙura ba kuwa, kowa a jihar nan ya san shi. Sashe na 217 na tsarin mulkin 1999 ya ce dole tsarin hafsoshi da sauran sojoji ya nuna wakilcin sassan ƙasa. Ke nan Sakkwato tana da rabonta, da ƙananan hukumominta 23. Ga hedikwatar Runduna ta 8 a cikin garinmu, ga barikin Giginya muna wucewa kullum, ga kuma abin da mutanen Isa, Sabon Birni, Goronyo da Tangaza suke sha a hannun 'yan bindiga. Muna buƙatar hafsan da ya san hanyoyin dajin nan, yake jin Sakkwatanci da Fulatanci, wanda tsohuwa a ƙauye za ta iya gaya wa gaskiya ba tare da tsoro ba. Duk yaron da ya karaya saboda jira, ko ya faɗi saboda harafi ɗaya a sunan babansa, gurbi ne muka rasa.

Yanzu ƙanena yana koyar da lissafi a wata makarantar kuɗi, albashin kaɗan ne amma yana sa wa babur mai, yana kawo wa Inna goro. Takardunsa suna cikin jaka ɗaya, kowace da kwafi uku. Bayan sallar Asuba shi da abokansa biyu suke fita gudu kafin rana ta buɗe, su dawo jiƙe da zufa. Sunayen ba su fito ba har daren jiya da Inna ta tambaya.