A daina fakewa da sauyin yanayi

Ranar 10 ga Satumban 2024 ruwan madatsar Alau ya afka wa Maiduguri, ya shiga Gwange, ya shiga fadar Shehu da asibitin koyarwa. Kafin mutane su gama kwashe kayansu daga cikin laka, bayani ya iso daga Abuja cewa ruwan sama ne ya yi yawa saboda sauyin yanayi. Da ambaliya ta cinye Mokwa a watan Mayun 2025, wannan uzurin aka sake ɗaukowa. Ni kam ya ishe ni.

Ba wanda ke musun yanayi ya canza. Manomin Gumel ya san damina ba ta zuwa yadda ta saba. Amma wannan madatsar ta taɓa yi wa Maiduguri ambaliya a 1994. Shekara 30 ke nan tsakani, ga Jami'ar Maiduguri a cikin garin, da injiniyoyinta da cibiyarta ta nazarin yankunan da ke fama da ƙarancin ruwa. Duba lafiyar bangon dam da auna yawan yashin da ya taru a cikinsa aiki ne da ake koya wa ɗalibai. Wanda ya bar shekara 30 ta wuce ba shi da bakin ɗora wa girgije laifi.

Masu cewa jami'o'inmu ba sa bincike su je su karanta tarihin kogin Haɗejia. A kan rassan da ke ba shi ruwa a jihar Kano, an gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992. Tun shekarun 1990 masu bincike suka auna fadamun Haɗejia da Nguru, suka nuna cewa abin da ake samu a can na shinkafa da kifi da kiwo da itace ya fi ribar da kowane ɗigon ruwa ke kawowa a manyan filayen noman rani na Kano. Suka ba da shawarar a riƙa sakin ruwa daga madatsun da damina, yadda kogin ya saba cika ya janye. Amma aka ci gaba da sakinsa kaɗan-kaɗan rani da damina. Ciyawar kachalla kuwa abin da take so ke nan: ta toshe hanyoyin ruwa, ruwan ya karkata ta mashigar ruwa ta Marma zuwa Nguru ya kwanta a gonakin mutane, wasu rassan kogin suka bushe. A kwari ɗaya ana kukan ambaliya ana kukan fari, kuma duka biyun da hannun mutum a ciki. Auyo da Kafin Hausa da Ringim sun sha ambaliya a 2020 da 2022. An rubuta, an buga, an ajiye.

To me gwamnati ke yi da ilimin? Hukumar hasashen yanayi ta NiMet na fitar da hasashen damina kowace shekara, hukumar nazarin ruwa ta NIHSA na lissafa ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. A yi taro a otal, a ɗauki hoto, a watse. Sai ruwa ya ci mutane a kafa kwamiti, a raba shinkafa da tabarmi. Wasu sun dage cewa gina madatsar Dasin Hausa a Adamawa don tare ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru shi ne maganin komai, kamar ba madatsa ce ta cinye Maiduguri ba.

Malaman jami'a ma ba su kuɓuta ba. Da yawa suna rubutu ne da Turanci domin mujallun waje da neman ƙarin girma. Sakamakon binciken da bai isa kunnen sarkin ruwa da mai unguwa ta rediyo ba, da Hausa ko Kanuri, bai gama aikinsa ba.

Gwamnatin Tarayya ta amince da naira biliyan 80 don gyara Alau. A ware wani kaso a ba Jami'ar Maiduguri aikin auna ruwan kogin Ngadda, wanda aka gina madatsar a kansa, da duba bangon dam kowace shekara, rahoton kuma a fito da shi fili kowa ya gani. Ya kamata hukumar TETFund mai tallafa wa manyan makarantu ta daina biyan kuɗin binciken ruwa sai an haɗa da ma'aikatar da za ta yi aiki da shi. Hukumar raya kogunan Haɗejia da Jama'are kuma ya kamata ta zo gaban majalisa ta faɗi dalilin da ya hana ta bin shawarar da aka ba ta tun shekarun 1990.