Fam miliyan 115 a kan Caicedo: kwalliya ta biya kuɗin sabulu

Duk majalisar 'yan ƙwallo da ka zauna a garin nan, daga Fagge har Gyaɗi-Gyaɗi, in dai aka ɗauko musun 'yan wasa masu tsada sai sunan Moisés Caicedo ya fito. Har yanzu akwai masu rantsuwa cewa Brighton ta yi wa Chelsea sakiyar da ba ruwa, ta karɓi fam miliyan 115 a kan yaron da ba ya cin ƙwallo. Ni magoyin bayan Chelsea ne tun zamanin Mikel da Drogba, kuma ina faɗa da babbar murya: a cikin duk tarin 'yan wasan da masu kulob ɗin nan suka kwaso tun da suka sayi Chelsea a 2022, in ka cire Cole Palmer, babu wanda ya ci kuɗinsa kamar yaron nan.

Mu fara da kuɗin, tunda shi ne yake tsone wa mutane ido. Brighton ta ɗauko shi daga Independiente del Valle ta ƙasar Ekwado a farkon 2021 a kan kuɗin da bai kai fam miliyan 5 ba, har ta tura shi aro Beerschot a Beljiyam don ya goge. A Janairun 2023 Arsenal ta taya shi har fam miliyan 70, Brighton ta ce albarka. Da watan Agusta ya zo, Liverpool ta ajiye fam miliyan 111 kuma aka sallama mata, sai yaron ya ce shi Chelsea yake so. Dole Chelsea ta ɗora a kan tayin, shi ne aka tsaya a miliyan 100 a hannu da ƙarin 15 bisa sharuɗɗa. Wanda ya taɓa tsayawa a Kantin Kwari ya san yadda abin yake: in dila ɗaya ta rage a shago kuma manyan 'yan kasuwa biyu suka nuna suna so, mai shago ba zai sayar a farashin jiya ba. Caicedo bai yanka wa kansa farashi ba. Amma shi aka ɗora wa nauyin, kuma shi ake tuhuma duk ranar da aka yi rashin nasara.

Farkon zuwansa kam bai yi daɗi ba, wannan babu mai musu. Wasansa na farko a gidan West Ham aka sako shi daga benci, Chelsea na neman farkewa, West Ham kuma saura mutum goma a fili. Ana dab da tashi ya kwashe ƙafar Emerson a cikin da'ira, aka ba da fenariti, Paquetá ya buga ta shiga, aka tashi 3 da 1. A gidan kallon unguwarmu ranar nan 'yan Liverpool har tsayuwa suka yi a kan benci suna godiya ga Allah da ya tsare musu kuɗinsu. Makonni biyu bayan haka ƙwallo ta kuɓuce masa a tsakiyar fili, Taiwo Awoniyi ya tura wa Elanga, Nottingham Forest ta ci mu har gida. Daga nan aka yanke masa hukunci, kuma wasu har yau a kan hukuncin watan Satumban 2023 suke, kamar ba a sake buga wasa ba tun daga lokacin.

To ga Antony nan. Manchester United ta saye shi daga Ajax a 2022 a kan sama da fam miliyan 80. Ranar farko ya ci Arsenal, ya sake ci a wasanni biyu na Firimiya da suka biyo baya, 'yan United suka hana mu sakat a gari. Ina aka kwana? Aro aka tura shi Real Betis a Janairun 2025, daga baya aka sayar musu da shi a kan abin da bai kai kashi ɗaya bisa uku na kuɗin da aka saye shi ba. Watan farko ba ya nuna komai a kan ɗan wasa, ko ya yi kyau ko ya yi muni.

Babbar matsalar a wurinmu take, wato yadda muke kallon ƙwallo. Ka shiga gidan kallo ranar Asabar da yamma: janareta na ruri a waje, fanka na juya iska mai zafi, talabijin biyu ko uku kowanne da wasansa, rabin mutane kuma idonsu na kan waya. Ba a ɗago kai sai an ji ihu. Wanda ya zura ƙwallo da wanda ya yi yanka su kaɗai ake gani. Mai lamba shida kuwa, wato ɗan tsakiya mai taimaka wa 'yan baya irin Caicedo, aikinsa ya hana ihun ya faru ne tun daga tushe, shi ya sa in ya yi aikinsa da kyau babu abin da za a maimaita a nuna maka.

Ina roƙon duk mai musu ya yi abu ɗaya. Wasan Chelsea na gaba, ka ƙyale ƙwallon na minti goma, ka kafa wa Caicedo, mai riga lamba 25, ido. Za ka ga kafin ƙwallo ta iso gare shi ya riga ya waiwaya hagu da dama, ya san wanda ke bayansa. Za ka ga in Cucurella mai tsaron baya na hagu ya haura gaba, shi ya zame ya toshe gurbin ba tare da kowa ya ce masa ba. In abokan hamayya suka ƙwace ƙwallo suka taso da gudu, ba ya afka wa mai ƙwallon haka kawai, sai ya ɗan ja da baya yana karkata shi zuwa gefen layi, har sai mutumin ya tura ƙwallon ta yi masa nisa da taku ɗaya, sannan ya zura ƙafa. Yana ƙwacewa kuma ba baya yake mayarwa ba, Palmer ko Enzo yake nema. Yawancin hare-haren da muke tashi tsaye muna yi wa tafi daga wannan ƙafar suke farawa.

Mu 'yan Najeriya bai kamata a yi mana dogon bayani a kan wannan ba. Mikel Obi ya shafe sama da shekara goma a Chelsea, ƙwallo ɗaya tak ya ci a Firimiya, amma koci bayan koci suna zuwa suna tafiya suna sa shi, kuma yana fili daga farko har ƙarshe a daren Munich na 2012 da aka ɗauki Kofin Zakarun Turai. Mu Kanawa kuma muna da namu darasin na kusa. A bazarar 2016 da Leicester ta sayi ɗanmu Ahmed Musa daga CSKA Moscow a kan kusan fam miliyan 16, a bazarar ce N'Golo Kanté ya bar ta ya koma Chelsea. Musa ya ci Barcelona biyu a wasan share fage, duk Kano ta ɗauka. Amma Leicester, wadda ta ɗauki Firimiya a kakar da ta gabata, ta rikice, aka kori kocinta Ranieri a Fabrairun 2017, suka ƙare a na 12, Chelsea kuma ta ɗauki kofin da Kanté a tsakiya. Mutane suka yi ta ɗora laifi a kan sababbin 'yan gaba, har da Musa, alhali ramin a tsakiya yake. Sai da suka ɗauko Wilfred Ndidi daga Genk a Janairu sannan suka fara samun natsuwa.

Wanda kuma yake son abin da za a ƙirga, ga shi. A kakar 2024/25 Caicedo ya fara dukkan wasanni 38 na Firimiya, wasu ma a matsayin mai tsaron baya na dama saboda haka koci Maresca ya buƙata, kuma bai yi ƙorafi ba. Magoya baya suka zaɓe shi gwarzon kulob na shekara, abokan wasansa ma suka zaɓe shi. Chelsea da ta ƙare a ta 12 kafin zuwansa ta koma ta 6, sannan ta 4. A wasan ƙarshe na Conference League, ɗaya daga cikin kofunan Turai, da aka doke Betis 4 da 1, shi ya ci ta huɗun, Antony yana ɗaya ɓangaren yana kallo. Sai wasan ƙarshe na Kofin Duniya na ƙungiyoyi a Amurka, a Yulin 2025. PSG ta zo bayan ta yi wa Inter 5 da nema, ta yi wa Real Madrid 4 da nema, kowa na cewa babu mai iya tsayawa gaban Vitinha da João Neves da Fabián Ruiz. Caicedo ya shiga wasan da ciwon idon sawu da ya samu a wasan Fluminense, Chelsea ta ci 3 da nema, kuma tsakiyar PSG ba ta samu sararin numfashi ba. Ga masu son ihu ma ya ba su nasu: wadda ya ɗaga daga tsakiyar fili ta faɗa ragar Bournemouth a ranar ƙarshe ta kakar 2023/24, da wadda ya ɗirka wa Liverpool daga nesa a Oktoban 2025.

Na san za a ce ai bai kawo Firimiya ba. Gaskiya ne, amma mutum ɗaya ba ya kawo Firimiya a ƙungiyar da ake sauya mata koci da 'yan wasa kamar riga. Inda na yarda da masu suka shi ne zafin shigarsa. Jan katin da ya karɓa a wasan Arsenal a Nuwamban 2025, da ya taka Merino tun kafin hutun rabin lokaci, bai da wani uzuri, kuma katin gargaɗi yana yi masa yawa.

Abin da yake damuna ya wuce wannan. Ana aiki da yaron nan fiye da kima. Ya buga Firimiya, ya buga kofin Turai, ya hau jirgi zuwa Kudancin Amurka ya buga wa Ekwado, ya dawo Landan a sake sa shi bayan kwana biyu ko uku. Roméo Lavia da aka saya a wata ɗaya da shi don su raba nauyin, wasa ɗaya kacal ya buga a kakarsa ta farko saboda rauni, kuma raunin bai rabu da shi ba. Masu kulob ɗin nan kullum 'yan gefe suke saye, har mun rasa inda za mu zuba su. Su nemo mai lamba shida na biyu, lafiyayye, wanda zai riƙa karɓar Caicedo a ƙananan wasanni kafin ƙafar nan ta gaji.