Ba kowane lungun teku ba ne mafaka a tsibirin Jojiya ta Kudu

Mutane da yawa na ɗauka cewa da zarar jirgi ya kewaye hancin dutse ya shiga ƙaramin lungun teku, to ya tsira. A tsibirin Jojiya ta Kudu, kusa da Antaktika, wannan tunani yana iya halaka mutum.

Iska da igiyar ruwa galibi daga yamma suke tasowa, don haka lungunan gaɓar kudu maso yamma a buɗe suke gare su. Shi ya sa aka kafa tashar farautar kifin wel, ƙaton kifin teku, ta Grytviken a 1904 a gefen arewa maso gabas. Ko Shackleton, mai binciken Antaktika, da ya sauka a Cave Cove, wani ƙaramin lungu a gaɓar kudu maso yamma, a watan Mayun 1916, can cikin lungun ruwa ya fizge katakon da ke juya akalar kwalekwalensa.

Babban haɗarin daga sama yake zuwa. Iska mai sanyi da nauyi takan taru a kan duwatsun ƙanƙara, sai ta gangaro kwari kwatsam. Ruwa yana kwance lumui, cikin mintuna kaɗan sai ka ga ya yi fari fat, jirgi yana jan angarsa, wato ƙarfen da ke kafe shi a ƙasan teku, zuwa kan duwatsu.

Sai doguwar ciyawar teku. A kan dutse take kafewa, saboda haka ganinta alamar dutse ne a ƙarƙashi. Tana naɗe farfela, tana hana anga kama ƙasa. A nemi ƙasan teku mai laka, a saki sarƙar anga aƙalla ninki 5 na zurfin ruwan, a bar mai tsaro duk dare, injin kuma a shirye.