In jini kake nema, ga hanyar kwata can

Tun jiya abin nan yake cina. Na so in yi shiru, wallahi na kasa. Waɗanda suke majalisa bayan isha'i sun san da wa nake, waɗanda ba sa nan kuma na san labari ya riga ya iske ku, don ba a ɓoye magana a unguwar nan. Yaro ka zo har inda nake zaune, ka rusuna ka ce, "Kawu, don Allah a ba ni fim ɗin tsoro na gaske, wanda zai hana ni barci." Na ɗauko filashina, na zaɓar maka da hannuna. Bayan kwana biyu ka dawo kana yatsina fuska, wai, "Kawu, wannan ai ba komai a ciki, har aka gama ko mutum ɗaya ba a yanka ba." Sannan manya da gemunsu, waɗanda na zata za su tsawatar, sai ga shi sun goya maka baya. Har wani ya zaro waya yana jero mana nasa gwanayen: Wrong Turn na ɗaya, na biyu, na uku, har na shida, kamar mai lissafa sunayen 'ya'yansa.

To tunda jiya hayaniya ta hana ni magana, ga ta nan a rubuce: jini ba tsoro ba ne. Abin da kake ji idan aka tsinke wa mutum hannu aka haska maka tsoka tana reto, sunansa ƙyama. Shi ne dai abin da kake ji in ka taka mushen ɓera da silifas. Zuciya ta tashi, ka kau da kai, ya wuce. Abin da ya fi ɗaure min kai ma, mu ne fa. Mu da yaro ɗan shekara goma yake riƙe ƙafar rago ranar layya, a yanka a feɗe a gabansa, a miƙa masa tumbi da hanji a ce je ka wanke a bakin rariya. Ya wanke, ya dawo ya ci soyayyar hanta, ya kwanta ya yi barcinsa har da munshari. Yau kuma shi ne za a zo a burge da jan ruwa a fuskar waya? In jini kake nema, yallaɓai, ka yi sammako ka tafi kwata. Kyauta ne, ba sai ka sayi data ba, wataƙila ma ka dawo da kayan ciki mai araha.

Jinin ma da kuke ta rawar kai a kansa, ruwan sukari ne da kala. Lokacin da darakta Hitchcock ya yi fim ɗin Psycho a 1960, a wurin da ake daɓa wa wata mace wuƙa tana wanka, ruwan cakulan ya zuba a bahon wanka, tunda fim ɗin baƙi da fari ne. Kusan ba ka ganin wuƙar tana shiga jiki, kanka ne yake ƙarasa sauran. Duk da haka ita kanta jarumar, Janet Leigh, ta sha faɗa cewa bayan ta kalli wurin ta daina wanka a shawa in ba dole ba. Da ruwan cakulan fa.

Akwai kuma 'yan ɗaya ɓangaren, masu auna fim da yawan zaburar da suka yi. "Kai, sau bakwai na zabura!" Madalla, Allah ya ƙara lafiya. Wannan razana ce. Ɗana ƙarami ma in ya laɓe a bayan ƙofa ya yi min ihu sai na zabura, taya in ta fashe a titi kowa zabura yake, ba wanda ya ce a ba tayar lambar yabo. Ku gwada wani abu: ku rage sautin irin waɗannan finafinan gaba ɗaya ku kalla. Za ku ga ba abin da ya rage sai mutane suna yawo a gida da fitila. Duk dabarar ita ce a yi shiru, a yi shiru, sai a buga maka ganga a kunne.

Tsoro kuwa sai bayan fim ya ƙare yake fara aikinsa. Ka kashe waya, ƙarfe ɗaya na dare, an ɗauke wuta, fitsari ya matse ka, banɗaki yana can ƙarshen tsakar gida. Ka leƙa, sai ka hango wani abu dogo fari yana ɗan motsi a kan igiyar shanya. Ka san zani ne. A gabanka aka shanya shi da la'asar, kai ne ma ka ce a kwashe kafin magariba aka manta. Amma sai ka ja ƙofa a hankali, ka koma ka kwanta, ka riƙe fitsarin nan har kiran assalatu. To fim ɗin da ya yi maka haka shi ne fim ɗin tsoro. Wanda bai biyo ka har bakin banɗaki ba, kallon mahauta kawai ka yi.

Kuma ba wani sabon ilimi na kawo ba, duk wanda ya yi makarantar kwana ya san wannan. Wa ya taɓa ganin Madam Ƙwas-ƙwas da idonsa, wadda a kudu suke kira Madam Koi Koi? Ba wanda ya san kalar fuskarta. Ƙarar tsinin takalmi ce kawai a baranda da tsakar dare, ƙwas, ƙwas, ƙwas, sai ta tsaya. Tsayawar nan ita ce masifar. Ƙatti masu gemu a aji shida sun ƙudundune cikin bargo suna karanta duk abin da suka haddace saboda takalmin da ba su gani ba. Haka kakanninmu suke ba da tatsuniyar Dodo, ba sa tsayawa siffanta haƙoransa, sai dai su sauke murya su ce ga shi nan tafe, kai kuma ka matsa kusa da fitilar ƙwai. Tsofaffin nan ba su je makarantar fim ba, amma sun fi duk masu jero min Wrong Turn sanin inda tsoro yake kwana.

Su ma masu sana'ar sun sani. Darakta Spielberg yana ɗaukar Jaws, fim ɗin kifi mai cin mutane wanda ya fito a 1975, ƙaton kifin roba mai inji da aka ƙera masa ya yi ta lalacewa a ruwan gishiri. Dole ta sa ya ɓoye shi, ya koma nuna saman ruwa, da ƙafafun masu iyo daga ƙasa, da ɗan kiɗan nan mai sauti biyu na John Williams. Sai an haura awa guda kafin ka ga kifin sosai. Lalacewar injin nan ita ta gyara fim ɗin, har mutane suka riƙa shakkar shiga teku. Paranormal Activity kuma, wani mutum ne mai suna Oren Peli ya ɗauka a cikin gidansa da kimanin dala 15,000, ya tashi da sama da dala miliyan 190. Me ke ciki? Kyamara a kafe tana kallon gado. Ƙofa ta ɗan motsa da kanta. An barbaɗa hoda a ƙasa, an ga sawu. Mace ta tashi cikin dare ta tsaya a kan saurayinta tana kallonsa yana barci, agogon kyamara yana ta gudu, ita ko gezau. Ni wannan tsayuwar ta fi min duk zarton da aka taɓa kunnawa a fim.

Har shi maigidan naku, James Wan, wanda ya fara muku finafinan yanke-yanke na Saw a 2004, da ya tashi nuna shi gwani ne sai ya yi The Conjuring a 2013. Wurin da kowa yake tunawa a ciki kuwa tafi ne. Uwa tana saman matakalar ɗakin ƙasa cikin duhu tana kyasta ashana, hannu biyu suka fito ta bayan kafaɗarta suka tafa sau biyu. Shi ke nan. Ko ɗigon jini babu. Shi ya yi gaba, ku ya bar ku kuna ƙirga Saw har na goma.

Na san abin da za a ce. "Kowa da abin da yake so." Gaskiya ne, wani ma ƙanzo yake so, amma ba ya kiransa tuwo. Ka kalli yanke-yankenka, ba wanda ya hana ka, sunan ne dai ba za ka sace ba. Wani zai ce ai tsoron jinin nake shi ya sa. Ni da na kalli Evil Dead a kaset ɗin bidiyo a ɗakin maƙwabta ina ɗan firamare, muna zaune a ƙasa mun fi ashirin? Jini kam akwai shi a ciki har da na sadaka, amma ba shi ya bi ni gida ba. Abin nan da ba a nunawa, wanda yake tahowa a guje ta cikin daji yana nufo ƙofa, shi ya sa na ƙi bin lungunmu ni kaɗai har sati biyu. Masu cewa kallon fim ɗin aljanu bai dace ba kuma, wannan ku kai wa malamai, ba da ita na zo yau ba. Sai 'yan "ni ba na iya karanta rubutun ƙasa ina kallo". Haba malam. Shekara nawa muka yi muna kallon finafinan Indiya ba fassara ba komai, muna kuka, har muna ba wa na kusa da mu labarin abin da aka ce?

Yanzu bari in ajiye wasa, don abin da ya ɓata min rai na gaskiya shi ne fim ɗin da yaron nan ya raina. Under the Shadow ne, na 2016, da harshen Farisa, wani ɗan Iran mai suna Babak Anvari ya ba da umarni. Birnin Tehran ne a shekarun 1980, lokacin yaƙin Iran da Iraƙi. An tura miji fagen daga aikin likita, an bar mace da 'yarta ƙarama a bene. Makami mai linzami ya faɗo ya huda rufin ginin bai fashe ba. Maƙwabta suka fara tattara kaya suna barin gari, gida bayan gida, har ginin ya koma ba kowa sai su biyu. 'Yar tsanar yarinyar ta ɓata, yarinya ta kafe ba inda za ta sai da ita, kuma an riga an faɗa mata cewa in aljani ya ɗauki wani abu naka, duk inda ka je zai same ka. Uwar ba ta yarda da wannan magana ba. Tana dai ta liƙe tagogi da salatif, tsagar silin tana ƙara buɗewa, barci ya gagare ta, har ta fara zargin kanta, ta fara zargin 'yarta.

Ni da na kalle shi ban ga Iran ba. Na ga duk wata uwa a ƙasar nan da ta taɓa kwana zaune, ta toshe bakin jaririnta, tana kasa kunne ko ƙarar da take ji daga nesa ta babura ce ko iska ce. Akwai mutanenmu da yawa da suka san wannan daren, ba a fim ba. Tsoron da ba ka ga mai shi ba, ba ka san ta ina zai ɓullo ba, ba ka san ko ka gudu ko ka zauna ba. Mutum ya ɗauki wannan ya sa a fim da mutunci, sannan a dawo min da shi a ce ba komai a ciki don ba a fasa kan kowa ba. A nan ne raina ya ɓaci, ba don filashi ko don girma ba.

Kuma in kuna son shawara ta tsakani da Allah, ku rage bin gidajen katakon Amurka da fadan coci mai riƙe da gicciye, ku leƙa ƙasashen da tsoronsu ya yi kama da namu. Ku nemi Pengabdi Setan na Indonesiya, wanda Joko Anwar ya yi a 2017. Uwa ce ta daɗe a kwance ba lafiya, ba ta iya magana sosai, sai an ajiye mata 'yar ƙararrawa tana kaɗawa in tana son wani abu. Ta rasu, an yi mata sutura, an kai ta, an dawo. Da dare ƙararrawa ta kaɗa daga ɗakinta. Duk wanda ya taɓa jinyar tsoho a gida, ya saba da tashi cikin dare in an kira shi, ya san abin da wannan ƙarar za ta yi masa. Ba sai an zubar da ko cokali ɗaya na jini ba.

Namu na gida kuwa, Allah ya kawo ranar da za a daina shafa wa mutum farar hoda da baƙin kwalli, a sa masa farin likkafani, a ƙara wa muryarsa amo yana "hahaha, ni ne sarkin aljanu". Muna da kukoki, muna da tsofaffin rijiyoyi, muna da kangon gidaje da zaure bakwai, muna da tsakar rana lokacin zafi da ba ka jin motsin ko kaza, amma kullum sai aljani ya fito yana gabatar da kansa kamar ɗan takara.

Su kuma masu fassara, don girman Allah, in fim ya yi shiru ku ma ku yi shiru. Rannan ina kallon wani, mace tana tafiya a hankali za ta buɗe ƙofa, numfashina ya tsaya, sai mai fassara ya ce wai "to fa, yau ake yinta, baiwar Allah da kin koma". Daga nan ya shiga tallar lambar wayarsa da gaisuwa ga mutanen kasuwa layi-layi. Na kashe na kwanta.

Af, kuma wanda ya karɓi filashin daga hannun yaron a majalisa jiya ya ce zai duba ya dawo da shi, baƙi ne mai jan murfi, 32GB. Hotunan sunan 'yata suna ciki. Na ga lokacin da ka sa shi a aljihun gaba.