Sabon kicin da kuɗi ƙalilan: a Ingila ma kafinta ake fara nema kafin kamfani

Duk wanda Allah ya hore wa sayen gida a arewacin Ingila, musamman irin tsofaffin gidajen nan masu manne da juna da suka cika Leeds da Bradford da Manchester, yakan tarar cewa ɗakin da ya fi neman gyara shi ne kicin, kuma yakan zo kansa ne bayan kuɗin kafin alƙalamin gida da na lauya sun riga sun yashe aljihu. Tambayar da mutanenmu ke fara yi ita ce wane kamfani ya fi araha, IKEA ne ko Wren, B&Q ne ko Wickes, ko kuwa Howdens ɗin da magina ke yawan ambata. A ganina an fara lissafin ta baya. Abin da ya kamata mai ƙaramin ƙarfi ya fara tsayarwa shi ne mutumin da zai haɗa kicin ɗin, sannan ya zaɓi inda zai sayi kayan tare da shawararsa, kuma a wannan fannin tsarin da muka baro a gida ya fi na nan hikima, duk da cewa shi ma yana da nasa rauni.

A Kano ko Kaduna, matar da take son a yi mata kabad ɗin kicin ba ta damu da sunan kamfani ba. Tambayarta ita ce wa ya yi wa wance nata, sai ta je gidan ta gani da idonta, ta ja durowa, ta buɗe marfi ta rufe, ta leƙa ƙarƙashin wurin wanke-wanke ko katakon ya kumbura. Idan aikin ya kwanta mata, kafinta ya zo da tef ɗinsa ya auna ɗakin, a tafi 'Yan Katako a Na'ibawa, ko Panteka, ko Dei-Dei ga mutanen Abuja, a zaɓi allo, a yi ciniki, a ba da kafin alƙalami. Wanda ya auna shi ne wanda ya yanka, shi ne kuma wanda ya kafa, saboda haka idan kabad bai shiga gurbinsa ba, an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Raunin tsarin kuwa sananne ne: kusan komai da baki ake ƙulla shi, ranar kammalawa tana iya tashi daga jibi ta koma bayan salla, kuma idan aka musanya allon da aka yi alkawari da mai araha, abin da ya rage sai kai ƙara wurin dattijon da ya haɗa ku.

A nan Ingila lissafin kuɗin ya juya. A gida allon da ake shigowa da shi daga waje shi ne mai tsada, ladan hannu kuma yana da sauƙi, amma a nan akwatunan kabad suna fitowa daga masana'anta da rahusa, hannun da zai kafa su ne ke cin kuɗi, har wani lokaci kuɗin aiki ya kama kafaɗar kuɗin kaya. Abin da masu talla ba sa son nanatawa shi ne, gangar jikin kabad a kusan duk kamfanonin da mai ƙaramin ƙarfi zai iya shiga iri ɗaya ce, wato garin katako da aka matse da gam aka lulluɓe shi da farar fata mai santsi, kaurinsa yawanci milimita 18, wasu masu araha kuma ƙasa da haka. Bambancin yana cikin marfi, da hinji, da ƙarfen da durowa ke gudu a kai, sannan mafi girma duka, yana cikin yadda aka kafa shi. Gidan da aka gina shekara ɗari da wani abu da suka wuce ba shi da bango miƙaƙƙe, daɓensa ma yakan gangara gefe guda, kuma gwanin kafinta ne kaɗai zai fere allon gefe ya bi karkatar bangon, ya daidaita ƙafafu har marafa su jeru a layi ɗaya, ya haɗa kusurwar saman kanta yadda ruwa ba zai sami hanyar shiga ba. Kicin mai araha a hannun irin wannan mutum ya fi mai tsada a hannun wanda ke sauri ya wuce aiki na gaba.

Saboda haka nake ganin kuskure ne mutum ya sa hannu a takardar shago kafin ya sami mai haɗawa. Manyan shaguna suna da tsarin turo maka nasu ma'aikacin, kuma akwai fa'ida a ciki, domin idan an sami matsala wuri ɗaya za ka nufa, sai dai yawanci ya fi tsada, kuma ba ka san wanda zai zo ba sai ranar da ya tsaya a ƙofarka. Hanyar gida tana aiki a nan ƙwarai: a tambaya a masallaci, a tambayi maƙwabta, a roƙi izinin ganin kicin ɗin da mutumin ya haɗa shekara biyu ko uku da suka wuce, domin sabon aiki kowane iri yana da kyau a ido.

Idan an zo kan kamfanoni, abin da na fi dubawa shi ne ko farashinsu a fili yake. IKEA tana rubuta kuɗin kowane akwati da kowane marfi, haka ma DIY Kitchens da ke kusa da Pontefract a yammacin Yorkshire, wadda ke sayarwa ta intanet tana kawo akwatunan a haɗe, amma alhakin awo yana wuyan mai saye. Howdens, wadda aka kafa a 1995, ba ta sayar wa kowa sai masu sana'a da ke da asusu da ita, ba ta kuma manna farashi a jikin kaya, don haka kuɗin da za ka ji ya dogara da ragin da kafintanka ke samu da kuma abin da ya ɗora a kai. Amfaninta shi ne akwatunan a haɗe suke, kuma da yake tana da rumbunan ajiya a kusan kowane gari, marfin da ya zo da tabo ana iya musanya shi ba tare da aiki ya tsaya makonni ba. Sai kuma wasu manyan shagunan nuni, inda ake zaunar da kai gaban kwamfuta a zana maka kicin ɗinka da launi, a faɗi wani adadi mai tayar da hankali, sannan a ce ka yi sa'a ana rangwamen rabi wanda zai ƙare ranar Litinin. Litinin ɗin takan zo ta wuce, wani rangwamen ya maye gurbinsa.

Mun zo ƙasar nan da tunanin cewa Bature ba ya ciniki, kuma a kantin abinci haka ne, amma a harkar kicin ciniki yana nan da ransa kamar a Kantin Kwari, illa dai an sa masa kwat. Farashin farko taya ne kawai. Wanda ya karɓi zanen da jerin kayan ya fita, ya kai su wani kamfani ya dawo da takardar da ta fi sauƙi, sau da yawa yakan ga adadin ya sauko, kuma babu abin kunya a cikin haka. Abin da ba na so shi ne a bar mutum da jimilla guda ba tare da an rarrabe masa kuɗin kowane abu ba, domin ta nan ake ɓoye tsada: allunan rufe gefe, da allon da ke rufe ƙafafu, da mariƙan marfi, da famfo, da kwandunan ƙarfe masu juyawa a kusurwa, ƙananan abubuwa ne a ido amma idan suka taru sukan kai kuɗin akwatuna da yawa. A kuma tabbatar ko an haɗa da harajin VAT na kashi 20 cikin ɗari, musamman a takardar da ta fito daga hannun mai sana'a. Murhu da firji da injin wanki kuwa ba dole ne a saye su inda aka sayi kabad ba, tunda faɗin gurbinsu santimita 60 ne kusan ko'ina.

Game da IKEA akwai abin da ya kamata a sani tun kafin a biya. Tsarinta na METOD, wanda ya maye gurbin FAKTUM a Birtaniya a 2014, yana da garantin shekara 25, kuma ma'auninsa ya sha bamban da na sauran: tsayin akwatin santimita 80 ne a kan gajerun ƙafafu na santimita 8, alhali abin da aka saba a nan shi ne akwatin santimita 72 a kan ƙafafu na santimita 15. Wannan yana ba da ƙarin wurin ajiya, abin da mai manyan tukwane zai yi murna da shi, amma bayan akwatin yana kusan manne da bango, babu ratar da sauran kamfanoni ke bari don bututun ruwa da na gas su wuce. A tsohon gida inda bututu ke bin jikin bango a fili, sai an yanka bayan akwatin ko an sauya wa bututun hanya, kuma akwatunan a kwance suke zuwa cikin kwali, sai an harhaɗa su ɗaya bayan ɗaya. Idan mai gida zai yi harhaɗawar da kansa a ƙarshen mako, ya rage kuɗi sosai. Idan kafinta zai yi, lokacinsa ake biya, kuma arahar tana iya narkewa a nan. Akwai kafintocin da suka saba da tsarin, akwai waɗanda ba sa son taɓa shi, wannan ma dalili ne na fara jin ta bakin mai haɗawa.

Inda muka fi bambanta da waɗanda aka zana wa waɗannan kicin shi ne irin girkinmu. Mai zanen shago yana da hoton gidan da ake ɗumama abinci a dafa taliya cikin minti goma, mu kuwa muna soya albasa da tattasai a manja, muna barin nama da ganda a wuta na sa'o'i, muna tuƙa tuwo da ƙarfin kafaɗa, ga daddawa da ke kama labule ta kwana. Don haka kuɗin da aka rage daga marfi mai ƙyalli ya fi dacewa ya tafi kan na'urar zuƙe hayaƙi wadda aka huda mata bango take fitar da shi waje, ba irin wadda ke tace iska ta mayar da ita cikin ɗaki ba, domin mai tacewar ba ta fitar da tururi, kuma a ƙasar da ake rufe tagogi rabin shekara, tururi shi ne ke kawo baƙin danshi a bango. Marafan da aka naɗe da leda mai sheƙi su ne mafi araha, amma kusa da murhu da butar lantarki ledar takan fara ɗagowa daga gefe bayan wasu shekaru, kuma ba ta gyaruwa sai sauyi. Saman kanta na matsattsen katako mai rufi ya wadatar idan an toshe bakinsa da kyau a kewayen wurin wanke-wanke, sai dai a guji fari tas, saboda manja da kurkum suna barin shaida, kuma tukunyar da aka sauke daga wuta ba a ɗora ta kai tsaye, ko da kantar ta dutsen masana'anta ce mai tsada. A gida mukan zuba kankare a shimfiɗa tayil ko dutse, a daka yaji a kai ba abin da zai same shi. A nan ƙaramin turmi ma wurinsa ƙasa.

Haka nan batun ajiya. Buhun shinkafa mai kilo 10 ko 20, da jarkar mai, da tukunyar taron suna ba sa shiga ƙananan kabad ɗin sama da ake cika zane da su. Doguwar kabad guda ɗaya mai ƙarfin shiryayye, da manyan durowa biyu ko uku masu zurfi a ƙasa, sun fi su amfani, kuma a nan ne ya kamata a tambayi sunan wanda ya ƙera hinji da ƙarfen durowa. Blum ta ƙasar Ostiriya da Hettich ta Jamus sunaye ne da kafintoci suka yarda da su, kuma kamfanoni da dama masu araha suna amfani da kayansu ba tare da sun yi shela ba.

Akwai wurin da ba a kawo dabarar gida ko kaɗan. A can ɗan unguwa mai ɗan sanin aikin ƙarfe yana iya haɗa maka tukunyar gas, amma a Birtaniya doka ba ta yarda kowa ya yi sana'ar taɓa bututun gas ba sai wanda ke cikin rajistar Gas Safe, wadda ta maye gurbin CORGI a 2009, kuma ana iya duba lambar katinsa a intanet. Sabon layin lantarki ma a ba wa mai rajista wanda zai ba da takardar shaida, takardar da lauyan mai saye zai nema ranar da za a sayar da gidan. Waɗannan kuɗaɗe a sa su cikin lissafi tun farko, tare da na filasta da na kwashe tsohon kicin.

A wajen biya kuwa, tsarin nan ya fi namu kariya ga wanda ya san shi. Girman suna ba ya hana kamfani rushewa: MFI, wadda ta taɓa zama kan gaba a sayar da kicin a ƙasar nan, ta durƙushe a ƙarshen 2008 da odar mutane a hannunta. Sashe na 75 na dokar bashin masu saye ta 1974 ya ɗora wa bankin da ya ba da katin bashi alhaki tare da mai sayarwa a kan kayan da kuɗinsu ya wuce fam 100 bai haura fam 30,000 ba, ko da kafin alƙalami kawai aka biya da katin, kuma mai gudun kuɗin ruwa yana iya biyan bankin gaba ɗaya kafin wa'adin wata ya cika. A lura dai cewa idan kafinta ne ya sayo kayan da asusunsa, yarjejeniyarka da shi take, ba da kamfanin ba, don haka a rubuta komai tsakaninku: abin da zai yi, da abin da ba ya cikin kuɗin, da ranar farawa, da yadda za a biya kashi-kashi. Kashin ƙarshe a riƙe shi har sai an bi marafa ɗaya bayan ɗaya an ga sun daidaita, an cika wurin wanke-wanke da ruwa an sake shi, an sa hannu a ƙarƙashi an tabbatar babu ɗigo.